Allon da Hansai Ta Hana a Cire

In ka taɓa ratsa Unguwar Dosa da safe, ƙila ka ci wainar Hansai. Tandarta na bakin wani layi, daidai gindin allon da aka rubuta Layin Alhaji Sharhabil. Ita kuwa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta a matsayin sunan layi ba.

Bari ka ji dalili. Mahaifinta Rabe, Bakatsine, shi ya haƙa rijiyar da duk layin ke sha, tun ana noma dawa a wurin. Sharhabil, ma'aikacin filaye a lokacin, ya zo da takardu wai filin nasa ne. Aka cike rijiya, aka ɗora bene. Rabe ya koma Rigachikun, baƙin ciki ya ƙarasa shi. Daga baya kuma aka kafa wa Alhaji Sharhabil allo a layin.

Hansai ba ta kai ƙara ko'ina ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo ta dasa tanda, ta kama 'yan Keke Napep. Duk wanda ya tsaya ya ce wa fasinja, "Layin Rabe Mai Rijiya, a sauka," yana da gyaran waina da miya har da ƙashi. Wanda bakinsa ya kuɓuce ya ambaci Alhaji kuwa, sai ta ce, "Ɗan nan, yau miya ta ƙare," ga tukunya na tafasa a gabansa.

Ka san direba ba ya wasa da cikinsa. Sunan ya bi gari har Unguwar Sarki.

Ranar da Sharhabil ya rasu, masu ta'aziyya suka yi ta bulayi, ba direban da ya san layinsa. Da kunnenta Hansai ta ji babban ɗansa Faruk a waya: "Kawu, ku ce a kawo ku Layin Rabe Mai Rijiya." Ta ci gaba da juya wainarta.

Bayan sadakar arba'in, mai unguwa ya same ta.

"Inna Hansai, kowa Rabe yake cewa. Za mu nemi a sauya allon, ko zuciyarki ta huce."

"Ranka ya daɗe, a bar shi."

"A bar shi kuma?"

"Duk baƙon da ya zauna cin waina sai ya ɗaga kai ya ce, wane ne Sharhabil? In kun cire, wa zai tambaye ni in gaya masa?"

Bara da rubutun ya fara koɗewa, ita ta kirawo mai fenti.