Wadda Yaya Ta Bar wa Makullin Akwatinta

Allah da Ya ba mu ke Ya karɓi abarSa, Yaya. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban allo ina koya wa ɗalibai lissafi, mijinki ya kira ni. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Auta, sai haƙuri." Na ajiye alli na fita, ko jakata ban ɗauka ba. Ciwon ƙodar da kika yi ta fama da shi tun bara shi ne ya zama ajali, kuma kafin la'asar an kai ki makwancinki.

Da na isa asibiti na tarar an riga ni. Mai Magani ce zaune a gefen gadonki, matar nan da shagonta na sayar da magunguna ke jikin shagon hotonki. Ita ce ta riƙe hannunki, ita ce ta rufe miki ido. Muka rungume juna muka yi kuka, amma a tsakiyar kukan sai na ji wani abu ya taso mini wanda ba baƙin ciki ba ne. Kin san shi, domin ke kika fara kiransa da sunansa tun ina ƙarama, kina dariya kina cewa kishina ya fi ni girma.

Ke kika goya ni lokacin da Mama ke fita aiki. Ke kika koya mini ɗaura igiyar takalmi da rubuta sunana. Idan ƙawayenki suka zo kuna hira a ɗaki, nakan shigo in zauna a cinyarki in juya musu baya har su gaji su tafi. Ba ki taɓa korata ba. Sai dai ki shafa kaina ki ce musu su yi haƙuri, mai Yaya ce ta iso. Na girma, na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙo mini, amma a zuciyata ban taɓa sauka daga cinyar nan ba.

Shagonki ƙarami ne, amma duk wanda ya shiga sau ɗaya yakan koma. Labule shuɗi a bango, doguwar kujera mai ƙafa ɗaya da aka yi wa ɗori, madubi da mataji a bakin ƙofa don wanda ya zo a hargitse. Ba kya ɗaga kyamara sai kin sa mutum ya manta da ita. Na ga yarinyar da wuta ta ƙona wa kunci ta shigo tana ɓoye fuska a bayan uwarta. Kika yi ta ja mata hira a kan 'yar tsanarta har ta saki jiki, hoton ya fito tana dariya da dukan fuskarta. Tsofaffin da ba sa iya fita kuwa, ke ke ɗaukar kaya ki bi su har gida idan ana neman hotonsu na takarda. Mama takan ce ba ta san ko shagon hoto kika buɗe ko gidan saurarar damuwar jama'a ba.

Shekarun baya ne aka rufe miki akwatin imel ɗinki na kyauta. Kin wayi gari kin sa kalmar sirri, aka ce an dakatar da ke, ba a faɗi dalili ba. A cikinsa akwai hotunan bukukuwan mutane da ba ki gama miƙawa ba, da adireshin kusan duk masu hulɗa da ke. Kin cike tambayoyin da na'ura ta jero miki, na'ura ta mayar da amsa iri ɗaya. Kin nemi lambar da za ki kira ki ji muryar ɗan Adam, babu. Wata amarya ta zo shago da mijinta neman hotunansu, kika tsaya gabansu kika faɗa musu gaskiya, hawaye na zuba a fuskarki. Ban taɓa ganin kin ji kunya irin ta ranar ba. Wasu hotunan an samo su a tsohuwar kwamfutarki, wasu kuwa sun tafi ke nan.

Daga nan kika koma wa kamfanin imel ɗin da ake biya. Kika yi rajistar adireshi da sunan shagonki, kika sayi faifan ajiya kina zuba komai a ciki. Kuma tunda ke ba kya iya gano abu mai kyau ki yi shiru, sai kika mai da shi wa'azi. Kikan ce wanda ya ba ka ɗaki kyauta, ranar da ya ga dama zai fito maka da kaya waje, kuma ba ka da bakin tambaya. Kikan ce kin gaji da rubuta wa likita saƙo, washegari ki ga tallan maganin ciwon yana bin ki ko'ina. Abin da ya fi burge ki shi ne ranar da saƙonninki suka maƙale kika rubuta musu, wani mutum mai suna da sa hannu ya amsa miki kafin azahar. Kin nuna mini amsar nan kamar takardar gado.

Ni ban yarda ba, kuma har yau ban yarda gaba ɗaya ba. Na ce miki nawa na kyauta bai taɓa ba ni matsala ba. Na ce ƙaramin kamfani yana iya rufewa gobe, babba kuwa yana nan. Na ce adireshin da sai an sabunta shi kowace shekara, ranar da mai shi ya kwanta ciwo ko ya manta, shi ke nan ya mutu. Kika ce ai saboda haka ne suke ba mutum damar naɗa wakili, wanda za a miƙa wa akwatin idan ta Allah ta kasance. Na ce Allah Ya kyauta, muka wuce zancen. Ban tambaye ki wa kika naɗa ba. Me zai sa in tambaya? Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ba mu da ta uku.

Mai Magani ita ce ta fara karɓar wa'azinki. Ba ta yi miki gardama ko sau ɗaya ba. Ranar Asabar in na zo shago sai in tarar da ku kun haɗa kai a kan kwamfuta ɗaya, kuna kwashe tsofaffin saƙonninta zuwa sabon gida, kuna karanta wasu kuna ƙyalƙyala dariya. Kuka samu yarenku da ni ba na ji. In na yi sallama sai ki ɗago ki ce in zauna kuna zuwa, ni da a da ake sallamar mutane saboda ni. Ita kuma ta bi ni da fara'a tana ce mini "ƙanwata". Mace ce mai kirki, ban taɓa kama ta da wani aibu ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Da tana da hali mara kyau da na samu abin riƙewa.

Na taɓa yi miki ƙorafi a mota. Na ce yanzu duk wanda bai biya kuɗin imel ba ya zama bare a wurinki. Kika yi dariya har kika taka birki. Kika ce, "Auta, ke fa ko a takardar makaranta kika aiko mini saƙo zan karanta. Ki bar matar nan ta sha iska." Na yi dariya ni ma, amma ban bar ta ba.

Da ciwo ya tsananta, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Mijinki ya bar aikinsa ya tare a asibiti, 'ya'yanki suna karɓa-karɓa, ni ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Amma Mai Magani ta san sunan kowace ƙwaya da lokacin shanta, ta san wane abinci zai tayar miki da hankali, likitoci da ita suke magana in sun shigo. Ni sai in tsaya riƙe da kwano ina kallo. Wata rana na shigo na tarar tana taje miki kai. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe. Kan nan ni ke taje shi tun hannuna bai gama riƙe mataji ba.

Bayan an yi kwanaki da rasuwarki, mutane suka fara zuwa shago neman hotunansu. Mijinki ya kira ni ya ce a duba akwatinki a sallami jama'a. Na ce to, ina jiran kamfanin su tuntuɓe ni. Sai ya ce ai ya zaci na sani, Mai Magani kika naɗa tun kafin ciwo ya fara. Yaya, na zauna a kan tabarmar da ake karɓar gaisuwa, mata suna shigowa suna yi mini ta'aziyya, ina amsawa, amma abin da ke yawo a kaina shi ne kin zauna da hankalinki, da lafiyarki, aka tambaye ki sunan mutum ɗaya a duniya, kika rubuta wani suna ba nawa ba.

Ita ce ta zo ta same ni har gida. Ta ce kamfanin sun ba ta izini, amma ba za ta buɗe ba sai ina zaune. Na ce mata ai ita aka amince wa, ta je ta buɗe. Ba ta yi fushi ba. Ta ce lokacin da kika sa sunanta ita ma ta tambaye ki me ya sa ba ni ba.

"Cewa ta yi ke ba za ki iya sallamar kowa ba," in ji ta. "Ta ce za ki buɗe saƙo na farko ki zauna kina kuka, masu hotuna suna jira a waje. Ta ce aiki ne, kuma ba ta so ta bar miki aiki."

Na ji maganar, kuma na san muryarki ce a ciki. Amma ba zan ɓoye miki ba, ba ta wanke mini zuciya ba. Da kin bar mini aikin. Da kin bar ni in yi kukan, in tashi in share ido in yi shi a karkace. Ina da haƙƙin in wahala saboda ke.

Duk da haka na je. Muka buɗe shago, muka zauna kan doguwar kujerar nan, ita tana riƙe da kwamfuta ni ina karanto sunaye. Komai a shirye kika bar shi, kowane biki da jakarsa a cikin kwamfuta, kowane mutum da sunansa, babu hoto ɗaya da ya ɓata. Abin da kika sha alwashi a kai ranar da kika tsaya gaban amaryar nan kin cika shi. A wannan kam kin ci gardama. Kuma abin da kika faɗa a kaina bai zama ƙarya ba: ba mu yi nisa ba na fita bayan shago na yi kuka, ita ta ci gaba da aikawa.

Da muka sanar da rasuwarki ta imel, amsoshi suka yi ta shigowa. Wani dattijo ya ce tun da matarsa ta rasu kike aika masa hotonta ɗaya duk shekara, wanda bai taɓa gani ba, don kada su ƙare masa lokaci guda. Wata da ke karatu a nesa ta ce ke kika ba ta tsohuwar kyamararki kika kuma riƙa gyara mata kurakurai ta imel. Wata ta rubuta cewa ta rasa yayarta. Yayarta, haka ta rubuta, matar da ban taɓa jin sunanta ba. Na dubi Mai Magani, na ga ita ma ta ɓata fuska tana sake karanta layin. Ta ce, "Wannan kuma wace ce?" A karo na farko tun rasuwarki na yi dariya. Ashe ita ma tana da irin ciwona. Ashe duk shekarun nan da mutum ɗaya nake faɗa, alhali rabin gari ne ke da kaso a cikinki.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ciwon da ta sha Ka sa ya zama kankarar zunubi. Amanar mutane da ta riƙe har ta miƙa bayan ranta, Ka sa ta tarar da ita a mizani. Ka sada ta da salihan bayinKa a Aljanna, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, wadda ta binne 'yar farinta. Allah Ya ba ta juriyar da ta fi tamu. Ga mijinki, wanda bai gajiya ba har ranar ƙarshe, da 'ya'yanki, Allah Ya albarkaci bayanki Ya haɗa kansu. Ga duk waɗanda suka rubuto, da waɗanda suka tako, Allah Ya ba da lada.

Sai Mai Magani. Na sa ta a nan cikin dangi, domin nan ne wurinta, ko da ban so ba. Allah Ya saka mata da alheri a kan abin da ta yi miki, Ya ba ta haƙurin rashinki, domin na gani da idona cewa ta yi rashi. Jiya ta ce mini tunda ta girme ni, in riƙa ce mata Yaya. Na ce mata zan zo shagonta, zan ci abincinta, 'ya'yana za su gaishe ta da ladabi har ƙarshen rayuwarta, amma wannan sunan an tafi da shi ranar Talata. Ta ce ta fahimta. Allah Ya jiƙan ki, Yaya.