Tambayoyi Uku na Malam Manniru

Malam Manniru mai tafireta a bayan babbar mota ya shigo Abuja, zaune a kan fayil-fayil ɗin ma'aikatarsu, a shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas. Siriri ne, kai ka ce shi ma cikin fayil aka zaro shi. Ni kuwa a lokacin ina bandar kifi a Kado, mu mata goma sha huɗu, kowa da gangarta da hayaƙinta. Kullum in ya tashi aiki zai zo ya sayi kan tarwaɗa ɗaya, ya tsaya yana juya shi kamar zai aure shi.

A wurinsa na fara jin wai doka ma tana haihuwa. Ya ce manya can sama suna yin uwar doka, gajeriya, sai su rubuta a cikinta cewa minista zai iya fitar da ƙa'idoji. Daga nan minista ya ce wa darakta, darakta ya ce wa wani, wani ya ajiye wa Manniru takarda a tebur. Shi ke bugawa, kwafi uku da kabon, ya sa haruffan sunansa a can ƙasa.

Na ce, "Ashe kai ne gwamnatin? Da wannan silifas ɗin?"

Bai yi dariya ba. Manniru ba ya dariya a kan takarda. Ya ce, "Inna, duk wanda ya zo miki da takarda, ki yi masa tambaya uku. Wace uwar doka ce ta ba shi iko? Ina sa hannun minista? An buga a gazet?" Gazet, in ji shi, jaridar gwamnati ce, kuma irin wannan ƙa'ida ba ta cizo sai ta fito a ciki. Injin buga ta kuwa bai tare ba, yana can Legas.

Ran nan da hantsi sai ga mutum huɗu da bokitin jan fenti. Ogansu ya ɗaga takarda, ya ce an hana banda a cikin gari, gobe katafila za ta zo. Rekiya, maƙwabciyar gangata, ta fara kuka tun bai rufe baki ba. Na goge hannuna a zani, na ce, "Oga, ɗan nan, wace ce uwar wannan takarda taka?" Ya faɗa. "To, ina sa hannu?" Ya juya takardar. Wurin sa hannun fari fat. Can ƙasa kuwa ga haruffan Manniru, dishi-dishi, irin na kwafi na uku. Da na kawo zancen gazet, sai ya naɗe takardarsa. Suka ɗauki bokitinsu, ko ganga ɗaya ba su shafa ba.

Mata suka yi ta guɗa. Da yamma na ajiye wa Manniru tarwaɗa guda sukutum, ya ƙi karɓa.

Ya ce, "Ni na buga ta. Gwaji ne suka ɗauko. Ta gaskiyar tana kan teburin minista."

"To, ka ɓatar da ita mana! Fayil nawa suka faɗo daga mota tsakanin Legas da nan?"

"Ba nawa ba, Inna."

Ka ji mutum. Shekara ashirin da biyu yana aiki, ko takarda ɗaya bai iya yarwa ba.

Abin da ya yi shi ne, ya rubuta mana ƙorafi, domin uwar dokar ta ba da kwana talatin a ji ta bakin jama'a. Muka dangwala yatsa mu goma sha huɗu. An karɓa, an buga hatimi, shiru. Daga nan sai ya riƙa kawo labari kaɗan-kaɗan, kamar mai jinya. An sa hannu. An tura Legas. Injin ya lalace, muka yi hamdala. An gyara. Duk motar gwamnati da ta wuce ta titi, sai hira ta tsaya, mu bi ta da ido har ta ɓace. Rekiya ta daina sayen itace da yawa.

Wata Laraba ya zo tun azahar ba ta yi ba, sanye da takalmi sau-ciki, da ambulan a hammata. Ban taɓa ganinsa a wannan lokacin ba. Ya ce gara mu gani a hannunsa kafin masu fenti su dawo ranar Litinin.

Na ce, "Tsaya, ango. Wace ce uwarta?"

Ya karanta mini suna da lambar sashe.

"Sa hannu fa?"

Ya nuna da yatsa.

"Gazet?"

Ya miƙo mini. Sabuwa fil, tana warin tawada. A ciki an ce mu tashi, an ba mu wani fili can hanyar Kuje, inda ko kare ba ya zuwa sayen kifi.

Na dube shi, na dubi kifin da ke kan wuta, bai gama yi ba. Na ce wa Rekiya ta miƙo bokitin ruwa mu kashe wutar. Manniru ya tuɓe takalmansa, ya ajiye gazet a kansu don kar ta jiƙe, ya kama bokitin tare da ni.