Kifin Surukina

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ina cikin ma'aikatan da suka tattaro komatsansu suka dawo gida. Abokaina sun dawo da firji da kujeru. Ni kuwa, da yake ba a rasa ni da neman wahala, na taho daga Legas har Kaura Namoda da akwatin gilashi na kiwon kifin teku.

Kifaye huɗu suka iso da rai: biyu masu ruwan lemo da farin zane, ɗaya shuɗi, ɗaya rawaya mai tsoron mutane. A ƙasan akwatin akwai duwatsun teku masu ramuka. Ruwan dole ya zama na gishiri, kuma ba gishirin kasuwa ba. Wani direba mai kai hatsi kudu ne ke taho mini da shi. Idan aka ɗauke wuta, batirin mota nake jona wa injin kumfa mai ba kifayen iska. Haka muka yi shekaru ba wanda ya mutu, kuma ina alfahari da hakan ƙwarai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a gidajen kallo suka yi sanyi, sai falona ya samu kasuwa. Bayan La'asar maƙwabta kan zauna a tabarma suna gardamar wane ne namiji a cikin kifayen. Kowa kuma sai ya ce huɗu sun yi kaɗan. Ni ma na yarda, har na fara cigiyar ƙari daga Legas.

Ana haka surukina, mahaifin matata, ya zo daga wani ƙauye na yankin Zurmi. Dattijo ne manomi, mai ƙarancin magana. Ya daɗe tsaye gaban gilashin, sannan ya ce, "Huɗu ɗai?" Na ce, "E, Baba, ana neman ƙari." Ashe na jawo wa kaina.

Ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi a bayan babur, rungume da bokiti. Tarwaɗa uku ne da karfasa biyar, rayayyu, cikin ruwan gulbi ja wur. Da kansa ya je wurin masunta, ya hana a kashe su.

"Ga ƙari na kawo maka," in ji shi. "Buɗe murhin akwatin in zuba da bisimilla."

Na san gishirin zai kashe su, amma kafin su mutu tarwaɗar nan za ta haɗiye 'yan kifayena kamar loma, ruwan gulbin kuma ya lalatar da komai. To amma ta yaya zan dubi surukina in ce kyautarsa ba ta yi ba? Na waiga wajen matata ko za ta cece ni. Tana bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ƙa'idar kiwon ita ce sabon kifi sai ya kwana uku a wani mazubi daban, a ga lafiyarsa." Wannan gaskiya ce, ba ƙarya na yi ba. Lissafina shi ne gobe zai koma gida, shi ke nan.

Ya ce, "Madalla. Sai in jira."

Kwana uku ya yi a gidana. Kullum da safe sai ya leƙa bahon da muka zuba su a tsakar gida, ya marmasa musu fura, ya ba ni labarin cewa suna nan garau. Ni kuwa ko abinci ba na jin daɗinsa. Matata ta ce mini, "Malam, ka faɗa masa mana." Na ce ita 'yarsa ce, ta faɗa. Ta ce ai ba ita aka kawo wa ba.

Rana ta uku da hantsi ya ɗauko bahon da kansa ya dire a falo. Na ɗaga murfin akwatin. Ya naɗe hannun riga. Sai dai shi mutum ne da ba ya shayar da dabba ruwan da bai ɗanɗana ba. Ya tsoma yatsa a akwatin, ya kai baki.

Ya yamutsa fuska. Ya sake ɗanɗanawa.

"Ruwan ga gishiri na!"

"E, Baba."

"Kihin gulbi na rayuwa cikinai?"

"Ba ya rayuwa, Baba."

"Naka hwa? Tarwaɗa ba ta barin ƙanana."

Ya ƙwala wa 'yarsa kira ya ce ta ɗauke bahon ta ɗora man suya a wuta. Sannan ya zauna, ya dube ni.

"Kwana uku kana sane, ba ka ce komi ba. Da na zuba, da ka bari?"

Na ce, "Da na bari, Baba."

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da share hawaye. Ya ce, "Lalle kai wawa na. Amma Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin, idona ya cika. Ya rasu shekaru da dama yanzu, kuma har yau ban sani ba ko gaskiya na faɗa masa da na ce da na bari.