Kajin Gwamnati a Balsall Heath

Ko da duk abin da ya same ni a Ingila zai gushe daga kaina, ba zan manta shekarar da na yi kiwon kajin gwamnati ba.

Lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a wani ɗan gidan haya a Withington. Duk Asabar nakan hau mota zuwa Birmingham in koyar da kimiyya a wata 'yar kwalejin manya da ke Balsall Heath. Baƙaƙen fata 'yan Karebiyan ne suka kafa ta, tun zamanin da makarantu ke mayar da 'ya'yansu baya. Ɗalibanmu direbobin bas ne, da masu kula da tsofaffi, da matan Somaliya masu son shiga jami'a. Shugabar wata dattijuwa ce 'yar Jamaika, kowa Mama yake ce mata.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ƙaramar hukuma ta janye ɗan abin da take ba mu, na'urar ɗumama ginin kuma ta mutu. Da riga uku nake koyarwa, ina magana tururi na fita daga bakina. Ana haka tallafin gwamnati ya iso, amma da sharaɗi: kayan koyarwa kawai. Mama ta tara malamai ta ce, "Wanda ya sayi ko ƙusa da kuɗin nan, za su karɓe abinsu su rufe mu."

Ni da na tashi a gidan kiwon kaji a Kano, sai na ce, "Mama, injin ƙyanƙyasar ƙwai kayan koyarwa ne?" Ta ce e. "Fitilun ɗumama 'yan tsaki fa?" Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, fitila nawa kimiyyarka take buƙata?"

Inji da ƙwai da fitilu suka zo. Ajina ya zama wuri mafi ɗumi a ginin, har masu koyon Turanci suka fara ƙaunar kimiyya. Abin da babu wanda ya tsaya ya tuna shi ne, ƙwai yakan ƙyanƙyashe, ɗan tsako kuma yakan girma.

Akwai wani akanta, mutumin Zariya mazaunin Small Heath, da yake duba mana harkar kuɗi kyauta. Na ce masa, "Yaya, mu yanka su a walimar ƙarshen zango mana."

"Kul!" in ji shi. "Ƙwan gwamnati ne ya haifi kazar nan. Ka yanka, ka ci dukiyar gwamnati."

"To mu sayar."

"Wannan ma ya fi muni."

"Abincinsu fa?"

"Ba kayan koyarwa ba ne. Daga aljihunka."

Haka kuɗin karatuna ya koma cikin kajin da ba ni da ikon taɓawa. Akanta ya kai su bayan gidansa, zakaru suka fara cara, maƙwabta suka kai ƙara, matarsa ta ce ko shi ko kajin. Suka dawo kwaleji, muka zuba su a ɗakin ajiya da ke bayan ajina.

Ranar da jami'ar tallafin ta zo duba kaya, wata Baturiya mai fara'a, muka ja ƙofar ɗakin muka jingina mata kujera. Tana cikin duba injin sai zakara ya kece da cara. Wani direban bas ya kama tarin ƙarya don ya rufe. Zakara ya ƙara, na biyu ya amsa masa. Matar ta janye kujerar ta buɗe ƙofa, kaji suka kwararo aji, ɗaya ta haye tebur ta tsaya a kan jakarta. Na dubi Mama, na ga ta tsorata. Ban taɓa ganinta haka ba. Rayuwarta duka ta zuba a kwalejin nan.

Jami'ar ta yi dariya har sai da ta zauna. Ta tambayi ɗalibai abin da suka koya, suka yi ta rige-rigen bayanin yadda ɗan tsako ke haɗuwa a cikin ƙwai. Ta ce inji da fitilu kawai take dubawa, gwamnati ba ta son kaza. Sannan ta ce, "Amma me ya sa ajin nan kaɗai ke da ɗumi?"

Mama ta faɗa mata gaskiya.

Jami'ar ta ce, "Ai gyaran na'urar ɗumama ginin yana cikin abin da tallafin ya yarda da shi, in dai an nemi izini. Wa ya ce muku babu?"

Muka juya ga akanta, shi kuma ya kama kallon silin. Mama ta ce, "Babu wanda ya ce. Tsoron tambaya muka ji."

Kajin dai mahauci muka kai wa. Rabi Mama ta gasa irin nasu mai yaji, rabi matar akanta ta yi farfesu, ta ce ramuwa take yi.

Tun daga ranar, duk wanda ya ba ni amana da sharaɗi, nakan koma in tambaye shi da baki abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Tsoron tambaya ne ya sa muka sha sanyin hunturu guda, ni kuma na ciyar da kajin da gwamnati ba ta ma san da su ba.