Asibi da Zazzaɓin Baba Jalo

Shekara goma sha tara Asibi ta yi tana aiki a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Durun. Gajeruwa ce, ba ta da yawan fara'a, kullum kanta na kan waya. Ni da bakina na taɓa cewa albashin danne-danne ake biyan ta. Allah ya yafe mini.

Da girmanta ta koma ƙarin karatu Kano. Can aka nuna mata wani rumbu a intanet inda likitocin duniya ke ajiye sakamakon bincikensu. Ka rubuta alamomin ciwo da Turanci, ya zubo maka takardu. Tun daga nan abin ya zame mata jiki.

Bara mahaifina, Baba Jalo, ya kwanta. Wata huɗu zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi. Sau uku muna sayo maganin maleriya a kemis. Mutumin da ke wuni bayan shanu ya koma ko buta ba ya iya ɗagawa. Na tsorata ƙwarai.

Ranar da na kai shi wurin Asibi, ta duba shi, sai ta ɗauki waya ta fita gindin darbejiya inda sabis ke kamawa. Raina ya ɓaci, na bi ta.

"Haba Yaya Asibi! Tsoho na kwance rai a hannun Allah, ke kina latsa waya?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Fatsuma, shanunku sun yi ɓari bana?"

"Biyu."

"Wa ya kwashe ɓarin? Madara kuma kuna tafasawa?"

Baba ne ya kwashe, da hannunsa. Madara kuwa da ɗuminta yake sha, yadda ya ga iyayensa na yi. Ta nuna mini binciken da aka yi kan makiyaya irinmu, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ta ce bakkale take zargi, ciwon nan da ke sa shanu ɓari. Mun san shi a shanu, ba mu taɓa jin yana kama mutum ba. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano, gwajin jini ya tabbatar. Mako shida Baba ya yi yana shan magani.

Da ya warke, da ƙafarsa ya taka har wurinta, ina biye. Baba ba mai magana ba ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya jiƙan iyayenki, 'yata."

Ta ce, "Amin, Baba. Na gaba ya shigo."

Ni dai bayan ɗakin na zagaya, na yi kukana.