Noreen Ba Ta Sayar Ba

Noreen Tackett ba ta da wayo, amma akwai ta da biyayya, kuma a birnin San Jose na Amurka biyayya tana da tsada. Ita ke tsara albashin ma'aikata a wani kamfanin kwamfuta tun yana ɗaki biyu a bayan garejin makanike. Duk shekarar da ta nemi ƙari, sai maigidan, Garrett, ya dafa kafaɗarta ya ce, "Albashi ai na 'yan ƙwadago ne, Noreen. Ke da ke cikin masu kamfani?" Sai ya ƙara mata damar sayen hannun jari a farashi mai rahusa, ta koma teburinta har da jin kunyar ta tambaya.

Da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, farashin hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabi. Noreen ta kwashe ajiyarta ta sayi rabonta kaf a tsohon farashi. A kamfanin kuwa wanda ya sayar da nasa maci amana ne. Ranar Juma'a wajen cin fiza da shi ake yi, Garrett na kan gaba.

Mijinta Wendell, direban bas, ya ce, "Sayar da rabi mana, mu ƙarasa biyan gidan nan mu huta."

"Kai dai ji da sitiyarinka. In na sayar, da wane ido zan kalli Garrett?"

Kafin shekara ta zagayo farashi ya rikito, takardun hannun jarin suka zama na naɗe ƙashin kaza. Ta haƙura, a ganinta asarar ta tsaya nan. Da lokacin haraji ya zo, akantan da ke lissafa musu haraji ya cire tabarau ya yi mata bayani a hankali: hukuma na lissafin riba ne da farashin kasuwa na ranar da ta saya, ba na yau ba, ko da ba ta sayar ba.

"Ko dala ɗaya ban riƙe ba," in ji ta.

"Na sani, Misis Tackett. Da kin sayar kafin ƙarshen Disamba, da kin tsira."

Harajin ya fi ƙarfin gidansu. Aka sa gidan a kasuwa, Wendell ya fasa ritaya, suka kama haya kusa da babbar hanya.

Duk da haka Garrett take tausayi, tunda nasa jarin ya ninka nata. Ta shiga ofishinsa ta yi masa jaje.

"Ni? Ai tun farko lauyoyina suke sayar mini kaɗan-kaɗan, duk wata, bisa doka. Ke nawa kika fitar?"

"Ban sayar ba. Kai ka ce kada a sayar."

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa take ba.

"Haba Noreen. Wannan magana ai don sababbin ma'aikata ake yin ta."