Nasiru bai ji albam ɗin bana ba

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanina Nasiru a Magama. Ni direba ne, Jibiya zuwa Maraɗi nake ɗaukar fasinja, ba kuma mai rubutu a jarida ba ne. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne musun da na yini ina ji a motata makon jiya.

Samari ne cike da bayan mota, tun daga tasha suke gardama kan sababbin albam da suka fito bana. Wani ya ce na mawaƙin hip-hop ɗin nan na birni ya fi, domin ya fito ya yi maganar ƙauyukan da aka tasa. Wani ya ce ai waƙoƙin nan masu sanyi da ake kira soul su ne waƙa, sauran hayaniya ce. Har muka wuce shingen kwastan, jandarmomin Nijar suka duba mu, samarin ba su daina ba. Suka sa mini waƙar mawaƙin birnin in ji. Mawaƙin har Katsinanci ya aro, yana cewa "mi ya hwaru," su kuma suna ihu wai ya burge.

Nasiru da wannan harshen aka haife shi, kuma saboda shi aka kore shi. Yana da ɗan shagon cajin waya da tura waƙoƙi kusa da boda. Duk albam ɗin da ya fito, shi ke fara samu, ya saurara daga farko har ƙarshe kafin ya ce uffan. In ya yaba, samarin Magama su yaba. In ya ce kiɗa ya danne magana, an gama. Daga baya ya fara rera nasa. Ni nake kai shi wani ɗan situdiyo a Maraɗi, yana zaune gefena yana bugun gaban mota da yatsu, yana cewa, "Yaya, saurara mani wanga baiti."

Waƙoƙinsa a kan abin da muke gani ne: gonakin Gangara da ciyawa ta cinye don tsoro, matan da ke kwana a makaranta da 'ya'yansu, direban da ake tsayarwa a kowane shinge. Ya ɗauki waƙoƙin ya tafi birni wurin masu harkar. Wani ya yi dariya ya ce Hausarsa ta ƙauye ce, ya je ya gyara bakinsa. Wani ya ce ba a rawa da kuka. A gida ma bai tsira ba, dattawan unguwa ɗan iska suke ce masa.

Da kaka ya tafi Mazanya taya kawunmu yankan gero. Da rana tsaka 'yan bindiga suka zo a kan babura. Kawu ya tsira cikin karan gero. Nasiru ya tsaya jan wata tsohuwa da ta faɗi, suka harbe shi a baya. Albam ɗin da yake haɗawa bai fito ba. Da aka rufe boda, mai situdiyon ya sayar da kayansa ya koma wata sana'a, duk abin da ke cikin kwamfutar ya tafi.

Yanzu ga shi kukan namu ya zama abin sayarwa. Ana ɗaukar bidiyo da bindigogin roba a wani fili mai shinge, ana shafa wa 'yan wasa toka a fuska, mawaƙi ya tsaya cikin sababbin kaya yana share hawaye. Bai taɓa bin hanyar Jibiya ba. Waɗanda suka ce ba a rawa da kuka su ne ke tallata shi.

Nakan tambayi kaina me Nasiru zai ce. Na san halinsa. Zai saurara har ƙarshe, ya ce kiɗan ya yi kyau, ya ce gara an faɗa da a yi shiru, ya tura wa kowa. Ba shi da ƙyashi. Ni ne ba zan iya ba. Na ce wa yaran su kashe mini wayar, suka ɗauka tsufa ne.

Waƙa ɗaya ta rage mana, wadda ya tura wa matata a waya tun ba a gama haɗa ta ba. Innarmu ba ta taɓa son sana'ar nan ba, har ya rasu tana roƙonsa ya bari. Amma duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta ce in kunna mata. A farkon waƙar, kafin kiɗa ya shigo, ana jin Nasiru ya yi gyaran murya ya tambayi mai situdiyo, "An hwara ɗauka?" Nan kaɗai take saurara. Da ganga ta buga sai ta ɗaga hannu.

"Ya isa," in ji ta. "Maido mani farkon."